Bencinan Aro na Gidan Maje

Wajibi ne a kan kowace majalisa, babba ko ƙarama, kafin ta hukunta ma'aikaci, ta tabbatar da cewa laifin da ake tuhumarsa da shi ya auku, sannan ta saurari duk mai shaida kafin a buga guduma. Majalisar kansilolin da na yi wa aiki ba ta sauke wannan wajibi ba a kan Malam Bitrus Auta, tsohon hedimastan makarantar firamare ta wani ƙauye da zan kira Gidan Maje. Ba zan ambaci sunan ƙaramar hukumar ba. Ku 'ya'yana kun san ta, a cikinta aka haife ku. Kun taso kuna jin ana cewa taurin kai ne ya sa aka ɗauke mahaifinku daga zauren majalisa aka kai shi ɗakin ajiye tsofaffin fayiloli, wasu kuma suna cewa saboda matarsa ne. Ga yadda lamarin ya gudana, gwargwadon abin da na fahimta, domin akwai ɓangaren da har yau ban fahimta ba.

A wancan lokaci ni ne magatakardan kwamitin ilimi. Aikina shi ne in zauna a gefen ciyaman ɗin kwamiti, Honorabul Tanko, in rubuta abin da aka gani da abin da aka faɗa da abin da aka zartar. Ba ni da baki a zaure, kuma na ɗauki wannan ƙa'ida da daraja. Wajen ƙarshen kowace shekara ɓangaren zartarwa kan kawo daftarin kasafin kuɗi, a karanta shi, a rarraba wa kwamitoci, kowane sashe ya zo ya kare abin da ya nema. Idan an sanya wata makaranta a cikin waɗanda za a yi wa gini, kwamiti kan je ziyarar gani da ido, kuma abin da idon kwamiti ya gani shi ne hujja. A daftarin wannan shekara an sanya Gidan Maje: sabon ginin azuzuwa da kujerun ɗalibai. Mahaifiyarku tana koyarwa a can. Tana kwana a ƙauyen daga Litinin zuwa Juma'a, saboda hanya ba ta da kyau kuma waya ba ta shiga sai an hau tudu. Daga bakinta na san cewa iska ta kwashe rufin wani gini, bango ya tsage, yara kuma a kan duwatsu da gungumen itace suke zama. Ni kaina ban taɓa taka makarantar ba, da gangan, don kada a ce na shigar da son rai cikin aikin hukuma. Na ma sanar da ciyaman a rubuce cewa iyalina tana aiki a can. Ya karanta ya yi dariya.

"Sakatare, kai dai ba ka gajiya. Wa ya tambaye ka? Kowa a zauren nan yana da wani a wani wuri."

Kamar yadda aka saba, na aika wa dagacin ƙauyen da hedimasta sanarwar ranar da kwamiti zai zo, domin su shirya. Da muka isa, sai na ɗauka direba ya ɓace hanya. An kafa rumfuna a filin makaranta, an shafe bango da farar ƙasa, an rataya manyan yaduka masu rubutun maraba daga sama har ƙasa. Mata suna rawa, masu kiɗa suna kiɗa, yara sun jeru cikin wankakkun kayan makaranta. Da aka shigar da mu azuzuwa, sai ga bencina na katako mai kauri, masu majingina, suna sheƙi, kowanne da ɗan wurin ajiye littafi a bayansa. Na dubi mahaifiyarku a bakin ƙofar ajinta, ta yi mini murmushin da ban gane ma'anarsa ba. Malam Bitrus, mutum siriri mai magana a hankali, shi kaɗai ne fuskarsa ba ta da walwala. Ya karanta jawabin maraba, ya ambaci rufi da kujeru, amma duk wanda ya ji hedimastoci suna jawabi ya san kowannensu kan ambaci rufi da kujeru. Na ga ya matso kusa da ciyaman yana nuna bayan rumfuna, inda ake girki, yana cewa akwai ginin da yake so a gani. Dagaci ya riga shi, ya kama hannun ciyaman ya ja shi wajen abinci.

"Oga Ciyaman, sakwara ba ta jiran mutum. Hayaƙi ne kawai a can, wurin mata."

Akwai wani kansila a kwamitin, Honorabul Ishaya, wanda ya daɗe yana neman a yi wa makarantar mazaɓarsa gini. Ya zauna a kan benci ya jingina, ya miƙe ƙafa, ya sa aka ɗauke shi hoto da wayarsa.

"Wannan ce makarantar da ake yi mana kuka a kanta? Wallahi bencin nan ya fi kujerata ta majalisa daɗi. Ku zo mazaɓata ku ga yara a gindin mangwaro, akuya tana cin littafi."

A mota na yi ta saƙe-saƙe. Ko dai wata ƙungiyar agaji ce ta kawo kujeru mahaifiyarku ba ta gaya mini ba, ko kuwa ta riƙa ƙara gishiri a labarinta, abin da ban san ta da shi ba. Amma ba a ɗauke ni aiki don in rubuta zato ba. Kwamiti ya zauna da dawowarmu, domin lokacin zartar da kasafi ya ƙure. Na rubuta cewa an iske azuzuwa cikin tsabta, da isassun bencina masu inganci, har da wurin ajiye littattafai. Aka gabatar da rahoton a zaure, aka yi muhawara mai zafi, kansilan da ke wakiltar Gidan Maje ya yi ta rantsuwa ba wanda ya saurare shi, domin shi ba ɗan kwamiti ba ne kuma bai je ziyarar ba. Aka soke Gidan Maje, aka mayar da aikin mazaɓar Honorabul Ishaya. Duk wannan ya faru kafin Juma'a.

Ranar Juma'a bayan la'asar mahaifiyarku ta dawo da ƙullin doya da fara'a. Ina zaune a tsakar gida ta kawo mini ruwa ta zauna.

"Malam, ba mu ba ka kunya ba ko? Na ga kana ta kallon bencinan."

"Wa ya kawo muku su?"

"Kawo? Na coci ne mana. Tun da sassafe muka kwaso su, matan garin a kafaɗa, ni da sauran malamai bibbiyu. Har yanzu wuyana ciwo yake. Dagaci ya ce manyan baƙi ba za su zo garinsa su ga 'ya'yansa a kan dutse ba, balle ga mijin malamarsu a cikin baƙin. Yadukan nan ma tsagar bango muka rufe da su."

Na gaya mata abin da aka zartar. Ta kalle ni kamar na yi mata wani yare.

"Ku duk yawanku ba mai ido? Ba ku ga wurin sa littafin waƙoƙinsu a bayan kowane benci ba?"

"Na gani. Na rubuta shi a rahoto."

"Ka rubuta me?"

"Wurin ajiye littattafan ɗalibai."

Ta rufe baki da gefen mayafi, ban san dariya take ko kuka ba. Daga baya ta ce Malam Bitrus ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya hana, har ya ce wa dagaci waɗannan baƙi ba biki ya kawo su ba, sun zo ganin ɓarna ne. Dagaci ya amsa masa da cewa shi hedimasta baƙo ne a garin, ranar da aka yi masa canji zai tafi ya bar su da abin kunya, ana labarinsu a kasuwanni. Ban ga laifin mahaifiyarku ba a ranar, kuma ban gani ba har yau. Ita ma da an yi baƙi a gidan nan, kun sani, sai ta ɓoye kofin da ya tsage.

Ranar Litinin na sami Honorabul Tanko a ofishinsa na zayyana masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi salati, ya yi dariya har da buga tebur, sannan ya nutsu.

"Sakatare, rahoton da zaure ya amince da shi ya zama gaskiyar majalisa. Ni da kai ba mu isa mu taɓa shi ba. In ka tayar da maganar, Ishaya zai ce muna so mu ƙwace masa aiki. Ka bari, baɗi ma shekara ce."

Na rubuta masa bayanin a takarda don ya shiga fayil. Damina ta zo, bangon da aka rufe da yadi ya faɗi wata ranar Asabar, Allah ya kiyaye ba yaro a ciki. Da daftarin shekara mai zuwa ya zo, Gidan Maje tana ciki, na yi hamdala. Wannan karon Malam Bitrus ya roƙi dagaci da a bar komai yadda yake, dagaci ya yarda amma ya ce shi ba zai tsaya ya ga wannan rana ba, ya tafi gona. Muka iske fili ba rumfa ba kiɗa, gini ba rufi, tulin ƙasa a inda bango yake, yara a kan duwatsu. Zuciyata ta yi sanyi, na ce yau gaskiya za ta shiga rahoto. Sai na ga Honorabul Ishaya ya fito da wayarsa yana neman wani abu. Ya ɗaga hoton bara.

"Hedimasta, ina bencinan?"

"Ranka ya daɗe, ba namu ba ne. Aro aka yi daga coci saboda zuwanku."

"Mu je cocin."

Muka je. Ga bencina a jere, su ne, ba shakka. Honorabul Ishaya ya shafa ɗaya ya juyo ya dubi 'yan kwamiti.

"Kun gani? Ni ma Kirista ne, ina zuwa sujada, amma ban yarda a kwashe kayan gwamnati a kai ɗakin ibada ba. Majalisa ta ga bencinan nan a makaranta da idonta, yana cikin rahoto. Yau ga su a cocin da hedimasta ke sujada. Sakatare, rubuta."

Na dubi ciyaman, ina jiran ya faɗi abin da ya sani. Ya kau da kai yana duban rufin cocin. A nan ruɗewata ta fara, kuma ba ta ƙare ba. Mutanen da suka tsaya a wurin ba jahilai ba ne. Honorabul Ishaya da kansa ya girma yana zama a kan irin wannan benci duk Lahadi. Shin bai gane ba ne, ko kuwa ya gane amma ya ga cewa idan aka yarda bencinan na aro ne, to ginin da aka kai mazaɓarsa bara ya tsaya a kan kuskure? Ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa mutum abin da ban tabbatar ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne jami'in sashen ilimi da aka kira zaure aka tambaye shi tambaya ɗaya mai sauƙi: shin hukuma ta taɓa kai bencina Gidan Maje? Da ya ce a'a, da magana ta ƙare. Amma an sha sanya kujerun makarantu a kasafin shekarun baya, kuma in ya ce ba a kai ba, za a tambaye shi inda suka tafi. Sai ya gyara tsayuwa ya ce suna kan dubawa. Iyakar sanina har yau suna kan dubawa.

Ranar da aka kira Malam Bitrus gaban zaure, faston cocin ya zo tare da kafintan da ya yi bencinan, suka zauna a kujerun 'yan kallo. Kakakin majalisa ya ce ba za a saurare su ba, domin ranar jin ra'ayin jama'a kan kasafi ta wuce, wannan kuwa zaman majalisa ne. Aka tambayi Malam Bitrus wanda ya ba da umarnin aro, in har aro ne. Ya ce shi ne shugaban makaranta, duk abin da ya faru a cikinta a wuyansa yake. Bai ambaci dagaci ba, bai ambaci malamansa ba. Na san cewa da ya ambata, da sunan mahaifiyarku ya fito.

Ina zaune da alƙalami a hannu, ina rubuta yadda ake kashe mutuncin mutum da rahoton da ni na tsara. Ban taɓa magana a zaure ba tun da aka ɗauke ni aiki. Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, Kakaki, ina neman izini. Bencinan na coci ne. Na sanar da ciyaman a rubuce tun bara."

"Magatakarda ba shi da baki a zauren nan. Zauna."

Honorabul Ishaya ya miƙe yana nuna ni.

"Ku tambaye shi wa ya gaya masa! Madam ce! A gida ake rubuta mana rahoto, muna nan muna ɓata lokaci!"

Zaure ya kwashe da dariya. Kakaki ya buga guduma ya ba da umarni a cire maganata daga bayanan zama. Ni ne mai rubuta bayanan wannan ɓangare, wato an umarce ni in shafe abin da na faɗa da bakina, in rubuta cewa ba a faɗe shi ba. Na yi tunani a kan wannan umarni iyakar tunanina. Ƙa'ida ta ce in bi Kakaki, ƙa'ida kuma ta ce in rubuta abin da ya faru. Na rubuta cewa magatakarda ya yi magana ba da izini ba, na rubuta abin da ya ce, na rubuta cewa Kakaki ya ba da umarnin cirewa. Aka ba ni takardar tuhuma, aka sa wani ya sake buga bayanan, aka mayar da ni ɗakin tsofaffin fayiloli, inda na zauna har na yi ritaya ba tare da ƙarin girma ba.

Majalisa ta zartar da a sallami Malam Bitrus bisa laifin karkatar da kayan gwamnati, kuma sallama irin wannan ba ta zuwa da fansho. Ta kuma zartar da a maido da bencinan makaranta. Aka tura mota da jami'an tsaro, aka kwashe su daga coci, aka buga musu tambarin hukuma da fenti. Tun da makaranta ta sami bencinanta, aka soke batun kujeru daga kasafi. Batun gini kuma aka dakatar da shi sai an kammala bincike. Bencinan suka zauna a ginin da ba rufi, masu sujada kuma suka koma zuwa da kujerun tsuguno daga gida. Na tare Honorabul Tanko a wurin ajiye motoci na tambaye shi dalilin shirunsa.

"Na san bai yi sata ba, Sakatare. Amma ka duba. In ba sata ya yi ba, to ya yaudari majalisa da kayan aro. Wanne ya fi masa sauƙi? Ko kana so a ce kansiloli sun zauna a kan bencin coci ba su gane ba?"

Ya shiga motarsa ya tafi. Mahaifiyarku ta nemi canji daga Gidan Maje, ta ce ba za ta iya kallon yara a kan waɗannan bencina ba. Ta daɗe ba ta son a ta da zancen. Abin da takan ce kawai shi ne, "Mu fa karramawa muka yi niyya."

Bayan na yi ritaya na nemi Malam Bitrus na same shi a garin Uke, a wata 'yar rumfa a bakin titi, yana sayar da burodi da lemo ga matafiya. Idonsa ɗaya ya fara mutuwa. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya ƙi karɓar kuɗin lemon da na sha. Na tambaye shi ko yana jin haushin dagaci, ya ce tsohon ya riƙa aiko masa da doya har ya rasu, bai taɓa iya zuwa da kansa ba. Na yi masa zancen fansho, ya ɗaga hannu.

"Oga Sakatare, fansho in ya zo, na gode. Amma jikata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce mata jikar ɓarawon benci. Ta tambaye ni ko gaskiya ne. Na ce mata a'a. Ta ce to me ya sa gwamnati ta rubuta? Kai da ka san aikin, me zan ce mata?"

Na yi masa sallama na kamo hanyar gida. Na bi matakan ɗaya bayan ɗaya a raina: sanarwa bisa ƙa'ida, ziyara bisa ƙa'ida, rahoto bisa ƙa'ida, muhawara da guduma bisa ƙa'ida. Ban ga inda zan ɗora yatsa in ce nan ne aka kauce ba, amma ga mutum a bakin titi.

Saboda haka, ke Rabi, da kika karanta aikin lauya a Bwari, ina ɗora miki wannan amana, 'yan'uwanki kuma su tsaya miki. Ki gabatar da wannan roƙo ga majalisar da ke kan kujera yanzu, da sunana kuma da sa hannuna. Ina roƙon majalisa, cikin girmamawa, da ta kafa kwamitin bincike a kan asalin bencinan Gidan Maje, ta tilasta wa sashen ilimi ya faɗa a fili ko ya taɓa kai kujera wannan makaranta, ta kuma saurari faston da kafintan da ta ƙi saurara. Idan ta tabbata na coci ne, ina roƙon a soke ƙudurin sallamar Malam Bitrus Auta, a biya shi haƙƙinsa na ritaya, a mayar wa masu ibada da kayansu, a kuma karanta wanke sunansa a zaure da murya mai ƙarfi, a aika masa da kwafi wanda yarinya 'yar firamare za ta iya karantawa. Ba na neman komai don kaina. Ina roƙon a gaggauta, domin kafintan ya tsufa ƙwarai. Ni a shirye nake in yi rantsuwa, mahaifiyarku ma haka. Ta ce idan an kai ta wurin, za ta nuna musu bencin da ta ɗauka.